TAKU NAWA ZA A YI? TARIHIN BUƊE SEF BA TARE DA GUDUMA BA

 

Akwai wata fitowa da muke yawan cin karo da ita a labaran da ake turo mana mu duba. Ɓarawo ya haura gidan Alhaji da tsakar dare, ya ɗaga hoton da ke bango ya tarar da sef, wato akwatin ƙarfen nan na ajiyar kuɗi da takardu. Sai ya ciro abin sauraren ƙirji irin na likita ya kara a jikin ƙofar, ya murɗa lamba ya ji ƙas, ya sake murɗawa ya ji ƙas, kafin mai gadi ya gama hamma ƙofa ta buɗe. Ba mu ga laifin kowa ba, mu ma mun taɓa rubuta irinta, kuma duk mun san daga fim muka kwaso. Amma da muka zauna muka bi tarihin abin, sai muka tarar ainihin yadda ake yi ya fi na fim daɗin labari nesa ba kusa ba.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da suka ɗauki buɗe makullin sef abin nishaɗi, kamar yadda wani yake ɗaukar dara ko kiwon tantabara. Sukan sayi makullin da kuɗinsu, su kafa shi a kan katako, wani ya sa masa lambar da ba su sani ba, su zauna da fensir da takarda har sai sun gano ta. Tambayar da suke yawan muhawara a kai ƙarama ce a ido. Makullin yana da lamba ɗari, daga 0 zuwa 99. To lamba nawa-nawa mutum zai riƙa tsallakewa yana gwaji? Ɗaya-ɗaya, bibbiyu, biyu da rabi, ko biyar-biyar? Wannan tsallaken shi za mu kira taku a cikin makalar nan. Amsar tana da tarihin da ya haura shekara ɗari da hamsin.

KAFIN A ZO GA LAMBA ƊARI

Makulli marar mabuɗi tsohon abu ne. A shekarar 1206 injiniya Isma'il al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyarbakir aiki a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, ya kammala littafinsa na na'urori, kuma a ciki ya bayyana makullin akwati da ake buɗewa da haruffan Larabci. Kafin nan da 'yan shekaru wani maƙerin kayan awon taurari mutumin Isfahan, Muhammad al-Asturlabi, ya ƙera akwatin tagulla mai irin wannan makulli. Akwatin yana ɗauke da shekarar 597 ta Hijira, kuma har yau yana ajiye a wani gidan tarihi a Kopenhagen, babban birnin Denmak. Danginsu na kusa a wurinmu su ne makullan jikin akwatunan lefe da jakunkunan tafiya, masu lamba uku daga 000 zuwa 999. A irin waɗannan babu maganar taku. Lamba ko dai ita ce ko ba ita ba ce, babu rabi, babu kwata.

Bankunan Turawa kuwa sun daɗe suna dogara da makullai masu mabuɗi, har sai da aka kunyata su a bainar jama'a. Kamfanin Bramah na Landan ya yi shekaru da dama yana baje wani kwaɗo a tagar shagonsa, da alƙawarin gini 200 na zinare ga duk wanda ya buɗe shi. A 1851, lokacin babban baje kolin duniya da aka yi a Landan, wani Ba'amurke mai tallar makullai, Alfred Charles Hobbs, ya zo ya zauna a kansa. Ya shafe awa 51 a cikin kwana 16, ya buɗe, aka biya shi. Darasin da masu banki suka ɗauka shi ne, duk inda mabuɗi zai shiga, waya ma za ta shiga. Ɓarayi kuma sun riga sun gano ramin mabuɗi wuri ne mai kyau na ɗura albarushi.

Daga nan hankali ya koma ga makullin da ba shi da rami ko kaɗan. Wajajen 1862 Linus Yale ƙarami, wanda har yau muke ganin sunansa a jikin kwaɗo, ya fito da makullin banki mai lamba. Wani tsohon mai yi wa kamfaninsu talla, James Sargent, ya ƙera ɗan ma'auni mai tsananin kaifi da yake maƙalawa a jikin irin waɗannan makullai, yana auna motsin da ido ba ya gani har ya gano lambar. Da ya ga inda raunin yake sai ya ƙera nasa makullin mai maganaɗisu, ya haɗa gwiwa da Halbert Greenleaf suka kafa kamfani a birnin Rochester a 1865. Kamfanin Sargent & Greenleaf yana nan har gobe. Ke nan tun daga tushe, wanda ya iya buɗewa shi ne ya gyara ƙira.

ABIN DA KE BAYAN ƘOFA

Ba za a gane maganar taku ba sai an san cikin makullin. A waje akwai abin murɗawa mai zagaye da lambobi, mu kira shi mamurɗi. Wani ƙarfe ya ratsa ƙofa ya haɗa shi da faifan jagora a ciki. Kusa da jagoran akwai faya-fayan ƙarfe uku a jere, kowanne da ɗan ƙusar da ke kama na kusa da shi ya ja shi. Shi ya sa mai sef yake murɗawa hagu sau huɗu, dama sau uku, hagu sau biyu: yana ajiye faifai ɗaya ne a wurinsa, sannan ya koma ya ajiye na gaba ba tare da ya taɓa na farko ba.

Kowane faifai yana da giɓi guda a bakinsa, kamar wanda ya faɗi haƙori. A samansu akwai wani tsinken ƙarfe a kwance. Idan giɓi ukun nan suka daidaita a ƙarƙashinsa sai ya faɗa ciki, a murɗa dama, sakata ta janye. Idan ko ɗaya ya kauce, tsinken zai tsaya a kan bakin faifai, ƙofa ta ƙi.

To ga inda bango ya tsage. Dole maƙeri ya yanka giɓin ya ɗan fi tsinken faɗi. In ya yanka shi cif-cif, mai sef ɗin da kansa zai kwana a waje, domin hannu yana rawa, ido yana kallon layi a karkace, ƙarfe yana cinyewa da tsufa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban injin yankan ƙarfe ya san ba a ƙera abu ba tare da an bar masa ɗan sassauci ba. Saboda wannan sassaucin, idan lambar gaskiya 40 ce, makulli zai iya karɓar 39 ko 41. A jikin mamurɗi lamba ɗari ce a rubuce, ɗari sau ɗari sau ɗari kuma miliyan ɗaya ne. Amma ƙarfen da ke ciki bai san miliyan ba. Abin da ya sani shi ne faɗin giɓinsa.

MUTUMIN DA YA YI TAKUN BIYAR-BIYAR

Babu wanda ya fito da wannan fili kamar Richard Feynman, masanin kimiyyar da ya ci kyautar Nobel a 1965. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai aka kai shi Los Alamos, wani keɓaɓɓen wuri a jihar New Mexico inda Amurka take ƙera bam ɗin nukiliya a ɓoye. Matarsa Arline tana kwance da tarin fuka a wani asibiti a Albuquerque, wurin kuma babu abin ɗebe kewa. Sai ya mai da hankali kan durowoyin ƙarfe da ake kulle takardun sirri a ciki, masu makullin lamba uku na kamfanin Mosler. Shi da kansa ya ba da labarin a littafinsa na 1985, a babin da ya ware wa buɗe sef.

Abin da ya fara yi shi ya kamata mu lura da shi. Bai fara da gwaji a durowar wani ba. Tasa ya zauna a kai, wadda ya san lambarta, ya riƙa kaucewa da gangan yana ganin iya inda za ta yafe masa. Ya tarar ko ya kauce da lamba biyu sama ko biyu ƙasa tana buɗewa. Wato kowace lamba tana da faɗin gida biyar. Idan ta gaskiya 37 ce, daga 35 zuwa 39 duk ɗaya ne. Saboda haka in ya bi 0, 5, 10, 15 har zuwa 95, ba yadda za a yi ya tsallake giɓi. Lamba ɗari ta koma ashirin. Miliyan ɗaya ta koma 20 sau 20 sau 20, wato 8,000.

Mu ɗan tsaya a kan lissafin nan, domin shi ne zuciyar batun. Da ya yi takun huɗu-huɗu, da gwajin ya zama 25 sau 25 sau 25, wato 15,625, kusan ninki biyu na wahala ba tare da ƙarin riba ba. Da kuma ya yi kwaɗayin sauri ya ɗauki shida-shida, da gwajin ya sauko ƙasa da 5,000, amma akwai lambobin da ba zai taɓa takawa ba. Misali yana bin 30, 36, 42, lambar kuwa 39 ce: gidanta daga 37 zuwa 41 ne, ya tsallake ta. In aka haɗa faya-fayan uku, cikin kowane makulli goma wajen huɗu za su ƙi buɗewa ko ya gama zagayen duka, kuma ba zai san dalili ba. Biyar ita ce mafi faɗin takun da ba ya asara, kuma aunawa ya yi ya same ta.

Ya ci gaba da motsa hannu har ya iya gwada lambobi 400 cikin ƙasa da rabin awa ba tare da ya ɓata lambar farko ba. A lissafinsa, durowa ba za ta wuce awa takwas ba, galibi ma awa huɗu. Sannan ya gano wata dabarar. In durowa tana buɗe, yana iya karanto lambobi biyu na ƙarshe daga motsin sakata. Sai ya zama in ya shiga ofishin abokin aiki suna hira, yakan jingina da durowa yana wasa da mamurɗi kamar ba da nufi ba, in ya koma ya rubuta abin da ya samu ya ɓoye. Ranar da aka nemi takarda mai ita ba ya nan, sai a kira shi. Ya rufe ƙofa, ya gwada lamba ashirin kacal, ya buɗe cikin 'yan mintuna, sannan ya zauna yana karanta mujalla don kada a ga abin da sauƙi.

Da ya nuna wa wani kanar wannan rauni a Oak Ridge, ɗaya cibiyar aikin bam ɗin, ya ba shi shawarar a daina barin durowa a buɗe. Abin da kanar ya yi shi ne ya aika takarda cewa duk ofishin da Feynman ya shiga a canza lamba. A ganinsa makulli lafiyarsa ƙalau, Feynman ne matsalar.

Bayan yaƙi ya koma Los Alamos neman wata takarda ranar Asabar, ya tarar ɗakin ajiya a rufe. Ya tuna abokinsa Frederic de Hoffmann yana da kwafin takardun a durowoyi tara. Ya ce a ransa masanin lissafi ba zai zaɓi lamba haka kawai ba. Ya gwada 31-41-59, daga lambar nan 3.14159 da muka haddace a darasin da'ira, ta ƙi. Ya gwada 27-18-28, daga wata sananniyar lambar lissafi 2.71828, ta buɗe, sauran da ya gwada ma duk lambarsu ke nan. Sirrin bam ɗin nukiliya ne a ciki. Daga baya wani makanikin makullai na wurin ya faɗa masa yadda ya buɗe ƙaton sef ɗin wani kyaftin: daga masana'anta ake turo su da 25-0-25 ko 50-25-50, kyaftin kuwa bai taɓa canzawa ba. Feynman ya zaga ofisoshi yana gwada waɗannan biyun, ya buɗe kusan ɗaya cikin biyar. Kafin mu yi musu dariya, kowa ya duba akwatinsa ya ga ko ba a 000 yake ba har yau. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wani abin kuma, wanda ya fitar da sirrin wurin zuwa Tarayyar Sobiyet bai taɓa buƙatar buɗe makullin kowa ba. Klaus Fuchs ne, masanin da ke aiki a ciki da cikakken izini, abokin Feynman, wanda ma ya ara masa mota ya je wurin matarsa lokacin da take gargarar mutuwa a watan Yunin 1945. Sai a 1950 ya amsa laifinsa. Da ɗan gari akan ci gari.

DAGA GWAJI ZUWA AWO

Hanyar Feynman gwaji ce, a yi ta bugawa har a dace. A shekarun 1940 ɗin nan dai wani ƙwararre mai suna Harry C. Miller ya tsara wata hanyar da ta fi ta, wadda ita ce masu sha'awar abin suke bi yau. Ya koyar da jami'an gwamnatin Amurka, ya ƙera makullin da ke jure wa dabarar tasa, daga baya ya shugabanci Sargent & Greenleaf, kuma a 1955 ya kafa makarantar Lockmasters.

Ga yadda tunanin yake. Tsinken nan da muka ambata yana jikin wani hannu ne mai ɗan hanci, hancin kuma yana bin bakin faifan jagora. Jagoran yana da kwari mai gangara. Duk zagaye ɗaya hancin yakan leƙa cikin kwarin, tsinke ya sauko ya taɓa faya-fayan. Mai murɗawa zai ji ɗan tokari a gefe biyu na kwarin, kuma zai iya karanta a jikin mamurɗi daidai inda ya ji kowanne. In tsinke ya sauka ƙasa ko da kaurin gashi ne, hancin zai ƙara nutsewa, tazarar da ke tsakanin tokarin biyu ta ragu. Tunda babu faifan da aka taɓa ƙerawa da cikakken zagaye, wani yakan ɗara wani tudu, kuma in giɓin wanda ya fi tudu ya zo ƙarƙashin tsinke, awo zai nuna. Ma'aunin da Sargent ya sha wahalar ƙerawa ashe yana nan a jikin ƙofa, shi ne mamurɗin kansa.

Saboda haka mai wannan aiki yakan ajiye faya-fayan a wata lamba, ya koma ya karanta tokari har zuwa kashi ɗaya cikin takwas ko cikin goma na tazarar layi ɗaya, ya ɗiga a takarda mai gida-gida irin ta lissafi, ya matsa gaba ya sake. In ya gama zagaye ya haɗa ɗigon, yana neman inda layi ya lotsa. Wasu sukan sa na'urar ƙara sauti don su ji tokarin da kyau, daga nan fim ya samo abin likita. Amma babu wata lamba da ke yin ƙas don ta sanar da kanta. Aikin na yatsa ne da ido da fensir.

A nan tambayar taku ta dawo da sabon kaya. Cibiyar gwajin kayayyaki ta Amurka, Underwriters Laboratories, ta kasa makullan sef rukuni-rukuni. Na rukuni na 2, wanda aka fi samu a shaguna da gidaje, an yarda ya yafe kaucewar da ba ta wuce lamba ɗaya da kwata ba ta kowane gefe. A haɗa gefe biyu, biyu da rabi ke nan. Daga nan sanannen takun nan na biyu da rabi ya fito: 0, 2.5, 5, 7.5, awo 40 a zagaye ɗaya. Takun biyar na Feynman a irin wannan makulli zai bar rabin da'irar ba a taka ba. Na rukuni na 1 kuwa an gina shi ya jure wa ƙwararre na tsawon awa 20.

Amma biyu da rabi iyaka ce ta doka, kowane makulli da nasa hali. A cikin makullan Sargent & Greenleaf da masu koyo suka fi saya, samfurin 6741 yana da sassauci mai yawa, 6730 kuwa ya fi shi tsauri. Shi ya sa ake samun saɓani. Masu biyu da rabi suna cewa awo 40 ya isa a ga alama, kuma mutum zai gama da sauran ƙarfinsa. Masu bibbiyu suna cewa ƙarin awo goma ba komai ba ne a kan a gama zagaye a tarar da layi shafal, ga shi kuma taku biyu kullum a kan layi yake sauka, ba sai an kintaci rabi ba. Mai cewa a bi ɗaya-ɗaya yana da hujjar ba zai tsallake komai ba, sai dai awo ɗari yana gajiyar da ido da yatsa, kuma in gajiya ta shigo, kuskuren mai awo yakan fi bambancin da ake nema girma.

Abin da galibinsu suka tsaya a kai shi ne a raba aikin biyu. A fara da taku mai faɗi a zaga duka. Inda aka ga lotsawa a dawo a bi shi da rabi-rabi har a gano bakin giɓin biyu, a ɗauki tsakiya. In zagayen farko bai nuna komai ba, a sake wani a tsakankanin wuraren da aka taka, awon farko bai tafi a banza ba. Mai koyo kuma ana ba shi shawarar da Feynman ya bi ba tare da kowa ya faɗa masa ba: ka fara da makullin da ka san lambarsa, ka auna faɗin giɓinsa, sannan ka zaɓi taku.

DA SIRRI YA FITA KASUWA

Shekaru da dama wannan ilimi yana hannun 'yan sana'a, ba sa koya wa bare. A watan Disambar 2004 Matt Blaze, malamin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Pennsylvania, ya rubuta doguwar takarda ya sa a intanet, ya bayyana abin dalla-dalla da hotuna. Ya nuna cewa da sassaucin ɗaya da kwata, miliyan ɗaya tana komawa 40 sau 40 sau 40, wato 64,000. Da yake kuma akwai wajen lamba ashirin da ake hana sawa a matsayin lambar ƙarshe don kada makulli ya cije, abin da ya rage 51,200 ne. Masu sana'ar makullai da yawa sun fusata, suka ce ya koya wa ɓarayi. Wannan gardama tsohuwa ce. Tun a 1853, a littafin makullai da ya fito da sunan Hobbs, an kawo hujjar cewa ɓarayi sun riga sun sani, mai dukiya ne kaɗai ake bari a duhu.

Na'ura ma ta shigo. Akwai injin da ake ɗaurawa a mamurɗi ya yi ta gwaji dare da rana, kuma shi ma sai an faɗa masa takun da zai bi. A 2017, a taron DEF CON na birnin Las Vegas, Nathan Seidle na kamfanin SparkFun ya hau dandamali da ɗan injin da suka haɗa, ya buɗe ƙaramin sef na gida cikin kusan rabin awa a gaban jama'a. Cikin abubuwan da suka rage masa aiki har da gano cewa makullin yana yafe lamba ɗaya ta kowane gefe, don haka injin ya bi uku-uku. Shekara saba'in bayan Los Alamos, lissafin bai canza ba. Gwamnatin Amurka kuwa tun farkon shekarun 1990 ta fara mayar da ma'ajiyar takardun sirrinta kan makullai masu aiki da lantarki.

Masu yin abin don nishaɗi suna da ƙungiyoyi, irin su TOOOL da ta faro daga ƙasar Holan, har gasa suke shiryawa. Suna da ƙa'ida biyu da ba sa wasa da su: kada ka taɓa makullin da ba naka ba sai da izinin mai shi, kada kuma ka yi wasa da makullin da ake amfani da shi. Wanda ya ƙetare wannan ya tashi daga mai sha'awa ya koma ɓarawo, kuma hukuma ce za ta yi magana da shi.

ABIN DA YA SHAFE MU

Mu koma ɗakin Alhaji. Ɓarawon gaske ba shi da awa huɗu da fitila da takarda mai gida-gida, shi ya sa ko dai ya ɗauke sef ɗin ɗungurungum, ko ya fasa, ko ya tsare mai shi. In muna son buɗewa cikin ruwan sanyi, tarihin nan ya nuna mana ƙofofin da suka fi saurin buɗewa: lambar masana'anta da ba a canza ba, ranar haihuwar ɗa, 'yar takardar da aka liƙa a ƙasan durowa, da kuma na gida mai izinin shiga.

In kuwa gwanin awo muke so a labari, mu ba shi dalilin zama. Ga misali. Alhaji ya rasu bai faɗa wa kowa lamba ba, takardun filaye suna ciki, an taru rabon gado. Wasu magada suna cewa a kawo mai walda a yanka, wasu suna tsoron wuta ta cinye takardu. An ɗauko wani dattijo mai gyaran makullai. Ya zauna tun hantsi yana murɗawa yana rubutu, 'ya'yan ɗakin uwargida da na amarya sun zuba masa ido, kowa yana zargin kowa. La'asar ta yi, ya dubi takardarsa ya ga layi shafal, ya gane takun da ya ɗauka ya yi faɗi, sai ya sake daga farko. Yaya zai faɗa musu? Wa zai fara cewa an haɗa baki da shi? Awannin nan da fim yake yankewa, a cikinsu labarin yake.

Aikin wannan mako ke nan. Kowa ya rubuta wannan fitowa cikin kalmomin da ba su wuce 400 ba, ya ajiye a ƙasan makalar nan. Sharaɗi ɗaya ne: kada a ji ƙas ko sau ɗaya. Wanda kuma ya ga kuskure a abin da muka kawo ya gyara mana, ilimi kogi ne.